Babi na Bakwai: Sandar Bana da ta Bara

Watan Janairu ne kakar kamfanonin golf. A cikinsa ake babban baje kolin kayan wasan a Orlando ta jihar Florida, a cikinsa kuma TaylorMade da Callaway da Cobra ke fito da sabuwar direba, wato sandar nan mai ƙaton kai wadda ake buɗe dogon rami da ita. Launi kan canja, suna kan canja, amma kirarin ɗaya ne kullum: ta bana ta fi ta bara nisa, ta fi ta sauri, ta fi ta yafe kuskure. Farashinta a Amurka ya kai dala 600, wani lokaci ya haura. 'Yan wasa da kansu sukan yi raha cewa da ana tara yadukan da talla ke alkawartawa shekara bayan shekara, da dattijon da ke zagaya fili ranar Asabar ya daɗe da wuce yadi 400 a bugu ɗaya. Har yau yana nan wajen 200.

Wannan raha ta sa wasu suka yanke hukunci cewa duk abin yaudara ce. Ban yarda da su ba. Sandar ta canja ƙwarai, ta kuma canja wasan da kansa. Sai dai akasarin canjin ya faru ne cikin shekara goma sha uku, daga 1991 zuwa 2004, sannan doka ta zo ta datse hanya. Abin da ya biyo baya tafiyar hawainiya ce, wadda sai an jera sandunan shekara takwas ko goma ake ganinta, ga kamfanoni kuma suna bukatar ciniki kowace shekara.

Sai mu koma zamanin itace. Har farkon shekarun 1990, manyan 'yan wasa da yawa na bugu da kan da aka sassaƙa daga fasimon, wani itacen Amurka ɗan dangin kanya, mai tauri da nauyi. Kan bai kai cc 200 ba, ƙotarsa ta ƙarfe ce mai tsawon inci 43 ko kusa da haka. Tsakiyar fuskarsa, inda bugu ke daɗi, ɗan wuri ne ƙalilan. Idan ka same shi ƙwallo ta tafi kamar harsashi. Idan ka kauce da rabin inci, hannunka zai gaya maka tun kafin idonka ya ga ƙwallon ta nufi daji. Saboda haka gwanin wancan zamani ba ya sakin dukan ƙarfinsa. Yakan rage kaɗan don ya tabbatar da tsakiya. Bernhard Langer ya ci gasar Masters ta 1993 da irin wannan sanda, kuma shi ake lissafawa a matsayin na ƙarshe da ya ci babbar gasa da kan itace.

Tun 1979 Gary Adams, wanda ya kafa TaylorMade, ya fara sayar da kai na ƙarfe mai rami a ciki. Amma wanda ya girgiza kasuwa shi ne Ely Callaway, tsohon ɗan kasuwar yadi da giyar inabi, da sandarsa Big Bertha ta 1991, wadda ya raɗa wa sunan wata igwar Jamus ta Yaƙin Duniya na Ɗaya. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Kan direba nauyinsa wajen giram 200 ne, jiya da yau. Itace curi ne, nauyinsa na cushe a tsakiya. Ƙarfe kuwa ana iya hura shi ya zama ƙoƙo, a watsa nauyin zuwa gefe-gefe, kai ya yi girma ba tare da ya yi nauyi ba. Da aka koma titaniyom, wanda ya fi baƙin ƙarfe sauƙi nesa ba kusa ba, sai girma ya tashi babu birki: Great Big Bertha ta 1995 ta kai cc 250, Biggest Big Bertha ta 1997 ta kai 290. A lokaci guda ƙotar ƙarfe mai giram 120 da ɗoriya ta ba da wuri ga ta garafayit mai kusan rabin wannan nauyi, aka kuma ƙara mata tsawo. Ƙota mai sauƙi da tsawo na nufin kai ya iso wa ƙwallo da gudu fiye da da.

Akwai wata riba kuma da titaniyom ya kawo. Haɗuwar sanda da ƙwallo ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. A cikin wannan ɗan ƙiftawa ƙwallon na lotsawa, tana kuma asarar ƙarfi a lotsawar. Fuskar itace ba ta motsi, don haka ƙwallo ce ke shan dukan wahalar. Siririyar fuskar titaniyom kuwa tana lotsawa ta dawo kamar fatar ganga, ta karɓi wani ɓangare na matsin ta mayar wa ƙwallo. Injiniyoyi na auna wannan da lamba guda. Idan ƙwallo da fuska suka gamu da gudun mil 100 a awa suka rabu da gudun mil 78, lambar ita ce 0.78, kuma nan ne fasimon yake. Titaniyom ya wuce 0.80 yana neman ci gaba.

Hukumomi biyu ne ke riƙe da dokokin golf: USGA a Amurka da Meziko, R&A ta garin St Andrews a sauran duniya. A 1998 USGA ta ce iyakar ita ce 0.83. Callaway ta yi kunnen uwar shegu, ta fito da ERC II a 2000, sandar da ta haura iyaka, har Arnold Palmer, wanda Amurkawa ke girmamawa kamar sarki, ya ce ba laifi masu wasan nishaɗi su riƙe ta. Ya sha suka a kan wannan magana. Rigimar ta ɗauki shekaru kafin hukumomin biyu su daidaita, amma daga 2008 iyakar ta hau kan kowa a duniya. A 2004 aka ƙayyade girman kai a cc 460. A shekarar ne kuma aka kawo gwajin da ake amfani da shi yanzu: ana sakin wani ɗan ƙarfe mai lilo ya bugi fuskar sanda, na'ura ta auna tsawon lokacin da suka yi a manne. Iyakar ita ce kashi 239 cikin miliyan na daƙiƙa, da rangwamen 18, jimla 257. A 2006 aka sa iyakar 5,900 ga ma'aunin yadda kai ke ƙin murɗewa idan an buge shi a gefe. Tsawon sanda kuma ba ya wuce inci 48.

Duk mai karanta talla ya kamata ya riƙe waɗannan lambobi a ka. Kowane babban kamfani ya daɗe da isa bakin iyakar. Ma'anarsa, idan aka bugi ƙwallo a tsakiyar fuska cif, da gudu iri ɗaya, sandar bana ba ta da izinin harba ta fiye da kyakkyawar sandar 2010 sai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba wayo ne injiniyoyi suka rasa ba. An hana su ne.

Alƙaluman gasar PGA ta Amurka sun bi wannan labari sawu da ƙafa. A 1980, shekarar da aka fara aunawa, matsakaicin bugun farko wajen yadi 257 ne. Shekara goma sha biyar bayan haka yana wajen 263 kawai. Daga nan ya yi tsalle: a 2003 ya kai wajen 286. John Daly ne ya fara wuce matsakaicin yadi 300 a kakar wasa guda, a 1997, mutane na kallonsa kamar wani dodo. Sai dai ko wannan tsalle ba na sanda ba ne ita kaɗai. A Oktoban 2000, a wata gasa a Las Vegas, Titleist ta miƙa wa 'yan wasa ƙwallon Pro V1 mai curarren ciki a maimakon mai naɗin zaren roba, kuma daga 2000 zuwa 2001 kawai matsakaicin ya ƙaru da wajen yadi shida. To, bayan an kafa dokoki fa? Daga 2003 zuwa 2013 lambar ta tsaya cak, ƙarin bai wuce yadi ɗaya ko biyu ba. A cikin waɗannan shekaru goma an fito da sababbin sanduna bila adadin, kowace da kirarinta, a hannun mutanen da suka fi kowa iya bugu a duniya.

A shekarun ne talla ta fi baje hajarta. A 2007 Nike da Callaway suka fito da kawuna masu kusurwa huɗu, aka ce gobe ke nan. Ba su yi ƙarko ba, ta Nike kuma ƙararta ta ishi maƙwabta. A 2011 TaylorMade ta shafa wa R11 farin fenti, ta sayu kamar me, domin duk wanda ya kunna talabijin yana hango farin kai daga nesa ya san ta wane kamfani ce. A 2012 ta yi alkawarin ƙarin yadi 17 da RocketBallz, ko da yake ba direba ake nufi ba, ƙanwarta ce mai lamba uku. A 2013 kamfanin ya fito da R1 da RBZ Stage 2 da SLDR da JetSpeed, duk a shekara ɗaya. Wanda ya sayi sanda a Fabrairu, kafin Satumba ya tarar an karya farashinta an jingine ta a lungu. Masu saye suka koyi darasi, suka riƙa jiran ragi. Kaya suka yi kwantai a kantuna, babban kantin Dick's Sporting Goods ya sallami ɗaruruwan ƙwararrun malaman golf a 2014, Nike ta daina ƙera sanduna a 2016, Adidas kuma ta sayar da TaylorMade a 2017 a kan dala miliyan 425. Titleist da Ping, waɗanda ba su saba sabunta direba kowace shekara ba, ba a ga 'yan wasansu sun koma baya a fili ba.

Amma adalci ya wajaba. Doka ta rufe tsakiyar fuska, ba ta rufe gefe ba, kuma a gefe ne yawancin mutane ke bugu. Gwajin da kowa zai iya yi shi ne ya fesa wa fuskar sandarsa farar hoda, ya buga ƙwallo goma, ya duba tabon da suka bari. Na ƙwararre za su taru wuri ɗaya, kusan a kan juna. Na ɗan wasan Asabar za su watsu: biyu can wajen baki, uku kusa da wuya, ɗaya a ƙasa dab da tafin sanda, wataƙila ɗaya tak a tsakiya. Duk bugun da ya sauka a gefe yana murɗa kan sanda, ƙarfin da ya kamata ya shiga ƙwallo ya tafi a murɗawar, ƙwallon kuma ta ɗauki juyin da zai karkatar da ita. Aikin injiniyoyi na shekara ashirin ɗin nan kusan duk a nan yake. Suna cire titaniyom daga saman kai su sa kabon, su tsira da giram goma ko ashirin, su mayar da su can baya da ƙasa inda za su hana murɗewa. Suna sassaƙa bayan fuska, nan kauri can siriri, don gefe ma ya yi tsalle kusa da yadda tsakiya ke yi. Callaway ta ce kwamfuta ce ta zana mata bayan fuskar Epic Flash ta 2019 bayan gwada dubban siffofi. TaylorMade ta yi wa Stealth ta 2022 fuskar kabon mai hawa sittin. Wannan aiki ne na gaske, ribarsa kuma ta gaske ce: mummunan bugu ya rage muni. Sai dai a shekara guda ribar kan zama yadi ɗaya ko biyu a bugun da aka kuskure, abin da ba ya cika allon talla.

Shi ya sa ake yi wa lambobi kwalliya. A Janairun 2024 Ping da TaylorMade suka fito da sanduna masu kirarin 10K, wato dubu goma a ma'aunin ƙin murɗewa. Mai lura zai ce, ba 5,900 ce iyakar doka ba? Ita ce. Dokar na auna murɗewa daga wuya zuwa baki ne kawai. Kamfanonin sun haɗa wannan da murɗewar sama da ƙasa suka tara. Ba ƙarya suka yi ba, sandunan kuma suna da natsuwa ƙwarai. Amma lambar an zaɓe ta ne don ta yi daɗin faɗa. Haka Twist Face da TaylorMade ta fito da ita a 2018: lanƙwasa fuskar sanda don ta gyara bugun gefe dabara ce da masassaƙan Biritaniya suka sani tun ƙarni na 19, abin da aka yi shi ne ɗan gyara lanƙwasar da ba ta suna.

Akwai wata riba ta yafiyar sanda da ba a cika ambata ba, kuma a ganina ita ce mafi girma. Daga 2013 matsakaicin gasar PGA ya sake motsawa, ya kai wajen yadi 300 a 2023, shekarar da Rory McIlroy ya kafa tarihi da 326.3. Fuskar sanda ba ta ƙara tsalle ba. 'Yan wasan ne suka ƙara gudu. Yaron da ya tashi da kai mai cc 460 bai taɓa koyon tsoron da fasimon ke koyarwa ba. Ya san ko ya kauce tsakiya ƙwallonsa za ta tafi, don haka yana sakin jiki ya yi bugu iya ƙarfinsa, yana ɗaga ƙarfe a ɗakin motsa jiki don ƙarfin ya ƙaru. Kowane mil ɗaya da aka ƙara wa gudun kan sanda na kawo yadi biyu da rabi ko kusa. Bryson DeChambeau ya kai abin maƙura a 2020, ya ƙara jiki, ya riƙa dukan ƙwallo ba sani ba sabo, ya ci US Open a Winged Foot da ratar bugu shida. Phil Mickelson ya ci gasar PGA Championship ta 2021 yana da shekara 50, da sanda mai kusan inci 48. Ba a jima ba hukumomi suka ba masu shirya manyan gasa damar tsayar da tsawo a inci 46, daga Janairun 2022.

Wani abin da ya ƙara nisa ba a jikin sanda yake ba ma. A 2003 wasu 'yan Denmak suka kafa TrackMan, na'ura mai aiki da rada wadda ke bin ƙwallo daga fuska har ƙasa. Ita ta nuna wa kowa ƙarara cewa nisa na zuwa ne idan ƙwallo ta tashi sama sosai da ƙarancin juyi, kuma mai buga ta yana ɗan hawa ya fi mai buga ta yana sauka. Ka shiga ɗakin gwaji a babban kanti ka ga yadda abin ke gudana. Mutum ya zo da tsohuwar sandarsa, ya buga cikin raga, lambobi su bayyana a allo: ƙwallonsa na tashi ƙasa-ƙasa, tana juyi fiye da kima. Mai gwaji ya ɗauko ɗan makulli, ya kwance kai, ya ƙara kwanciyar fuska da digiri ɗaya da rabi, ya canja ƙota zuwa gajeriya, ya matsar da wani ɗan nauyi zuwa wuya. Mutumin ya sake bugu, allo ya nuna ƙarin yadi goma sha biyar, ya zaro katin banki yana murmushi. Ƙarin na gaskiya ne. Tambayar da ba ya yi ita ce, nawa ne daga ciki na sabon kai, nawa ne na daidaitawa? Sau da yawa da an yi wa sandar shekara uku baya wannan hidima, da ta ba shi kusan duka. Makullin ma ba sabo ba ne: nauyi mai matsawa ya zo da r7 ta TaylorMade a 2004, wuya mai juyawa ya bazu da R9 ɗinta a 2009. Abin dariya kuma, sandar da ke jingine a kanti ta fi wadda ƙwararru da yawa ke riƙewa tsawo, domin doguwa ce ke ba da bugu ɗaya mai ban mamaki a allon gwaji, ko da sauran tara sun watse.

Don a ga ƙanƙantar abin da ake jayayya a kai: wanda ya saba wasa a Legas, idan ya hau filin Rayfield na Jos, inda tudu ya kai mita 1,200 iska kuma ta yi sauƙi, zai samu ƙarin yadi goma ko kusa, da tsohuwar sandarsa, ba ko kwabo. In rani ne ƙasa ta bushe, gangarawar ƙwallo ta ƙara masa wasu.

Shin nisan ma yana rage yawan bugu? Tsofaffin malamai sun daɗe suna cewa dogon bugu burga ce, a bakin rami ake cin kuɗi. Mark Broadie na Jami'ar Columbia ya rushe wannan magana da lissafi a littafinsa Every Shot Counts na 2014, inda ya nuna cewa bugun nesa, na farko da na neman dandalin rami, shi ne ke kawo kusan kashi biyu cikin uku na ratar da ke tsakanin gwanaye da sauran. Saboda haka neman nisa ba wauta ba ce. Amma ga abin da talakan golf ya samu. R&A ta shekara da shekaru tana auna bugun mazan da ke wasan nishaɗi a filayen Biritaniya: yadi 200 a 1996, wajen 216 a 2019. Yadi goma sha shida a shekara ashirin da uku, da titaniyom da sabuwar ƙwallo da komai a ciki. Mutumin da ke yanka ƙwallo ta karkace dama saboda fuskar sandarsa a buɗe take lokacin bugu, sandar bana za ta rage masa karkatar da ɗan kaɗan, awa biyu a hannun malami kuwa za su iya raba shi da ita.

Wani abin mamaki shi ne, fuskar titaniyom na ƙara tsalle da tsufa. Dubban bugu na sa ta yi laushi, har sandar da ta fito masana'anta a cikin doka ta tsallake iyaka ba da sanin mai ita ba. A gasar Open ta 2019 a Royal Portrush sandar Xander Schauffele ta faɗi gwaji, ya fito fili ya yi ƙorafin cewa 'yan wasa talatin kawai aka gwada. A PGA Championship ta 2025 a Quail Hollow ta Scottie Scheffler ma ta faɗi. Ya ɗauki ta ajiya, ya ci gasar da ratar bugu biyar.

Filaye ne ke biyan kuɗin duk wannan. Augusta National, wadda ba ta kai yadi 7,000 ba lokacin da Tiger Woods ya ci Masters ta 1997, yanzu ta haura 7,500. Sai da ta sayi fili daga kulob ɗin maƙwabta kafin ta ja raminta na 13 baya da yadi 35 a 2023. Yawancin filaye ba su da kuɗin yin haka, ga ƙarin ruwa da ciyawa da ma'aikata. A Disambar 2023 USGA da R&A suka sanar da matakinsu, kuma ƙwallo suka kama, ba sanda ba: za a tsaurara gwajinta don ta rage tafiya, suka sa 2028 ga ƙwararru da 2030 ga sauran jama'a. Sun ƙiyasta cewa masu dogon bugu za su rasa yadi 13 zuwa 15, mai wasan nishaɗi kuma biyar ko ƙasa da haka. A cikin sanarwar sun ce za su ƙara sa ido a kan fuskokin da ke laushi da tsufa, za su kuma ci gaba da nazarin yadda direba ke yafe wa ƙwararru bugun gefe. Kamfanin da ke yin Titleist ya fito ya soki matakin, wasu manyan 'yan wasa suka mara masa baya, McIlroy da Woods kuma suka goyi bayan a rage wa ƙwallon tafiya.